Roy Francis: baƙar fatar da ya horar da Turawa a zamanin da Turawa ke mulkinmu

A shekarar 1956, Razdan na Lardin Adamawa da ke zaune a Yola Bature ne, haka ma mafi yawan masu riƙe da manyan kujeru a ofisoshin Kaduna da Legas. Muhawarar da ta cika majalisu a lokacin ita ce ko ɗan ƙasa ya kai ya riƙe babban ofis, ya ba da umarni a bi. A watan Mayu na wannan shekarar, a filin wasa na Maine Road da ke Manchester, ƙungiyar birnin Hull ta zama zakarar Ingila a wasan zari-ruga, bayan shekara 20 rabonta da kambun. Wanda ya tsara wa waɗannan ƙartin Turawa atisaye, yake tsawata musu idan sun yi sake, suke kuma bin maganarsa ba musu, baƙar fata ne mai shekara 37, sunansa Roy Francis. Masu tarihin wasanni sun haɗu a kan cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama babban koci na wata babbar ƙungiyar ƙwararru a Birtaniya, a kowane irin wasa.

Masu cika gidajen kallon ƙwallo daga Wuse har Jimeta sun san sunan Hull da na Leeds ta hanyar ƙwallon ƙafa, musamman tun da Jay-Jay Okocha ya taka leda a Hull City a kakar 2007 zuwa 2008. Amma a waɗannan garuruwa akwai wani wasan da ya daɗe yana gogayya da ƙwallon ƙafa wajen farin jini. Turawan mulki sun kawo mana tamaula da folo da kurket, zari-ruga kuwa bai kama ƙasa a Arewa ba, saboda haka sai an ɗan yi shimfiɗa kafin a gane inda Francis ya tsaya.

Zari-ruga iri biyu ne, kuma kuɗi ne ya raba su. A ƙarshen ƙarni na 19, 'yan wasan arewacin Ingila leburori ne na ma'adinan kwal da masaƙu da tashoshin jiragen ruwa. Duk wanda ya bar aiki ranar Asabar don ya buga wasa, ladan wannan yini ya tafi. Ƙungiyoyinsu suka nemi a yarje musu su riƙa biyan 'yan wasa abin da suka rasa. Shugabannin wasan, waɗanda galibinsu masu hali ne da suka fito daga makarantun 'ya'yan manya, suka ƙi, suna ganin karɓar kuɗi a wasa zubar da mutunci ne. Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka kafa tasu hukumar. Daga baya suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, suka sauya dokoki don wasan ya ƙara sauri, shi ne aka sani da Rugby League. Tsohon gidan, Rugby Union, ya kafa doka mai tsanani: duk wanda ya karɓi ko sisi a wasan 'yan arewa, an kore shi har abada. Dokar ba ta faɗi ba sai a 1995. A duka biyun, babban ci shi ne ɗan wasa ya keta abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya dangwala ta a ƙasa bayan layinsu. A zamanin Francis dangwale maki 3 ne, bugun da ake ƙarawa a bayansa, wanda ake so ya bi ta tsakanin sanduna, maki 2.

An haifi Roy Francis a Wales ranar 20 ga Janairu 1919, ya tashi a Brynmawr, wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a kan tuddan kudancin ƙasar. Bai cika wata shida a duniya ba tarzomar ƙabilanci ta ɓarke a Cardiff da Newport, inda gungun Turawa suka far wa unguwannin ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Afirka da Larabawa da mutanen tsibiran Karebiyan, har aka yi asarar rayuka. Yana tasowa kuma sai karayar tattalin arziki ta durƙusar da garinsu, ramukan kwal suka rufe, magidanta da yawa suka shekara da shekaru ba aikin yi. Yaro mai gudu kamar barewa a irin wannan gari, abu ɗaya yake da shi na sayarwa, ƙafafunsa. Ya fara wasa da ƙungiyar garin, ta masu mutum 15. Sai dai a wannan ɓangaren ba albashi, ga kuma wani shinge da ba a rubuta ba: tawagar ƙasar Wales ba ta sa baƙar fata a wasa ba sai a shekarun 1980. A ɗaya ɓangaren kuwa, George Bennett, baƙar fata ɗan Wales da ke buga wa Wigan, ya riga ya sa rigar ƙasarsa tun 1935. Francis yana ɗan shekara 17 ya bi sawunsa, ya sa hannu da Wigan a ƙarshen 1936, da sanin cewa ƙofar gida ta rufu ke nan.

Zamansa a Wigan bai yi tsawo ba. Yana cin maki idan an sa shi, amma bayan zuwan sabon manaja ɗan Ostareliya, Harry Sunderland, a 1938, sai aka sayar da shi ga Barrow a watan Janairu 1939. Masu bin tarihin wasan suna danganta wannan da ra'ayin Sunderland game da launin fata. Babu wanda ya ba yaron dalili a rubuce, kuma wannan ba shi ne karo na ƙarshe ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa, amma a nan ne ya samu ilimin da ya ɗaukaka shi daga baya. Ya shiga sojan Birtaniya ya kai muƙamin saje, aikinsa horar da jiki, har da farfaɗo da sojojin da suka dawo daga fagen daga da rauni. A daidai lokacin da dubban samarin Arewa ke cikin dazuzzukan Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin hafsoshi Turawa, shi wannan sajen Turawa ne a gabansa suna tsalle da umarninsa. Wanda ya yi irin wannan aiki dole ya koyi abubuwa biyu. Na farko, yadda jiki ke ginuwa da yadda yake karyewa, da cewa atisayen da ya dace da wani zai iya lahanta wani. Na biyu, cewa mutumin da ya karaya a zuci ba ya miƙewa da tsawa kaɗai. Lokacin hutu kuma yana buga wasa a ƙungiyoyin soja, yana kuma zuwa a matsayin baƙo a Dewsbury, wadda wani matashin manaja, Eddie Waring, ya tara mata taurarin da yaƙi ya warwatsa, ta zama cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a lokacin.

Da yaƙi ya ƙare aka shirya tawagar Birtaniya ta 1946 zuwa Ostareliya da New Zealand. Jiragen fasinja sun yi ƙaranci, sai aka ɗebe su a jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, HMS Indomitable, ƙarƙashin kyaftin Gus Risman, shi ma ɗan Wales. Tafiyar ta zama abin tarihi a wasan. An ɗauki abokan wasan Francis na Barrow, irin su Willie Horne. Shi da yake cikin 'yan gefe mafi iya cin maki a ƙasar, babu sunansa. Ostareliya a lokacin tana kan manufarta ta hana waɗanda ba fararen fata ba shiga ƙasar, wadda ta faro da dokar shige da fice ta 1901, kuma ana ganin masu zaɓen sun gwammace su guje wa rigima da masu masauki. Duk ma'aikacin da ya taɓa duba jerin sunayen ƙarin girma ya ga babu nasa, ya nemi dalili aka yi ta yi masa hanya-hanya, ya san ɗacin wannan irin hukunci. Ba a ce maka ba ka cancanta ba, balle ka kare kanka. An yi shiru ne kawai.

Dama ta zo masa sau ɗaya tak. A watan Disamba 1947, New Zealand ta zo Ingila, kowane ɓangare ya ci wasa ɗaya, aka zo na uku wanda zai raba gardama a filin Odsal na Bradford. Aka sa Francis, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Birtaniya wannan wasa. Ya dangwala ƙwallo sau biyu, Birtaniya ta ci 25 da 9. Ba a sake kiransa ba. Ya buga wa Wales sau biyar, ya koma Warrington a 1948, sannan Hull ta saye shi a kan fam 1,250 a watan Nuwamba 1949. Lokacin da ya rataye takalmansa a ƙarshen 1955, ya yi dangwale 229 a wasanni 356.

Tun yana wasa, a farkon shekarun 1950, Hull ta damƙa masa horar da ƙungiyar. Ya kamata a san abin da kalmar koci take nufi a lokacin. A ƙungiyoyi da yawa kwamitin daraktoci ne ke zaɓen waɗanda za su buga, mai horarwa kuwa aikinsa ya sa 'yan wasa su zagaya fili, ranar wasa ya riƙe bokiti da soso. 'Yan wasan ba wasan ne sana'arsu ta kullum ba, suna wuni a wurin aiki, su zo atisaye da yamma a gajiye. Francis ya ɗauki wannan ƙaramin muƙami ya mayar da shi sana'a mai ilimi. Ya riƙa sa a ɗauki wasanni da kyamarar fim, ya zaunar da 'yan wasa su kalli kura-kuransu, a zamanin da gidaje da yawa ba su mallaki talabijin ba. Ya kawo horon 'yan tsere, ya ce ƙartin gaba, waɗanda aka saba ɗauka don nauyi da ture-ture, su ma sai sun iya gudu da miƙa ƙwallo kamar 'yan baya. Ya nazarci halin kowane ɗan wasa, ya san wanda ake zaburarwa da faɗa da wanda sai an ja shi gefe an lallashe shi.

Abin da ya fi ba mutanen zamaninsa mamaki shi ne yadda ya shigo da iyali cikin harkar. Ya sa a riƙa tanadar wa matan 'yan wasa mota zuwa kallon wasa, ya mayar da su wani ɓangare na ƙungiyar. A ganina a nan ne hangen nesansa ya fi fitowa fili. Fim da takalman tsere kowa zai iya saye idan ya ga suna da amfani. Amma gane cewa mutumin da ya baro gida ba lafiya ba zai yi aikin kirki ba, ko a fili ko a ofis, da kuma ɗaukar wannan a matsayin nauyin shugaba, abu ne da har yau ma'aikatu da yawa ke rubutawa a takardun manufa ba tare da ya sauko ƙasa ba.

Nasara ba ta zo da wuri ba. Hull ta kai wasan ƙarshe na kofin Yorkshire sau uku a jere, daga 1953 zuwa 1955, ta faɗi duka, biyu daga ciki a hannun Halifax. Saboda haka da aka sake haɗa su da Halifax a wasan ƙarshe na gasar ƙasa a 1956, akwai tsohon bashi a tsakani. Ana dab da tashi Halifax na gaba da maki ɗaya, sai aka ba Hull bugun laifi daga kusa da gefen fili. Colin Hutton ya buga ta shiga, aka tashi 10 da 9. A shekara mai bi suka sake kaiwa, Oldham ta doke su da maki ɗaya, 15 da 14. A 1958 suka dawo suka lallasa Workington Town 20 da 3. Ƙashin bayan ƙungiyar su ne 'yan gaban da Francis ya ƙera da hannunsa: Johnny Whiteley, da Tommy Harris, da tagwaye Bill da Jim Drake, da Mick Scott. Mutanen unguwar Hessle Road, masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ke cika filin Boulevard, sun samu ƙungiyar da ta yi kama da su.

Don a auna girman abin, a tuna cewa a wannan shekarar ta 1956 Teslim Balogun, wanda ake kira Thunder, yana ƙoƙarin samun gurbi a ƙwallon ƙafar Ingila, daga Peterborough zuwa Queens Park Rangers, kuma ganin ɗan Afirka a fili kaɗai abin magana ne. A Amurka sai a 1966 Bill Russell ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a gasar ƙwallon kwando ta NBA. A gasar Firimiya ta Ingila kuwa, sai a 2008 aka samu baƙar fata ɗan ƙasar da ya riƙe ƙungiya, wato Paul Ince a Blackburn.

Wembley ce ta ƙi shi a Hull. Ya kai su wasan ƙarshe na kofin Challenge sau biyu a jere, aka yi musu dukan kawo wuƙa: Wigan ta ci su 30 da 13 a 1959, Wakefield Trinity ta ci su 38 da 5 a 1960, lokacin da raunuka suka yi wa ƙungiyar illa. Kafin ya bar garin ya yi wani abu da amfaninsa bai bayyana ba sai bayan shekara goma. A ƙarshen 1961 ya ba wani saurayi soja, baƙar fata ɗan Cardiff, damar gwaji. Yaron ya dangwala sau uku a wasansa na farko. Shi ne Clive Sullivan, wanda ya zama kyaftin ɗin Birtaniya ya ɗaga Kofin Duniya a Faransa a 1972, baƙar fata na farko da ya jagoranci wata tawagar ƙasar a kowane wasa. Whiteley kuma, wanda ya gaji Francis a Hull, shi ne kocin da ya kai Birtaniya ta doke Ostareliya a gidanta a 1970.

A 1963 Leeds ta ɗauke shi. Ƙungiya ce mai kuɗi da ta saba sayen manyan sunaye, amma taurarinta sun tsufa. Francis ya sallami waɗanda lokacinsu ya wuce, ya jure gunagunin magoya baya na wasu shekaru, ya tara samarin yankin, irin su Mick Shoebottom da Syd Hynes da John Atkinson da Barry Seabourne, ya koya musu wasan gudu da miƙa ƙwallo daga kowane sashe na fili. A baya kuma ya ajiye Bev Risman, ɗan kyaftin ɗin tafiyar nan ta 1946 da aka bar shi a gida. Leeds ta ƙare a saman teburi a 1967 da 1968.

Ranar 11 ga Mayu 1968 ya koma Wembley karo na uku, abokan karawar kuma Wakefield ne, waɗanda suka kunyata shi shekara takwas da suka wuce. Aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kafin wasa da kuma tsakiyarsa, filin ya koma fadama, 'yan wasa na zamewa suna tashi jiƙe sharkaf. Duk dabarun gudun da ya shekara biyar yana koyarwa ruwa ya tafi da su. Alkalin wasa ya ba Leeds wani dangwale na hukunci, bisa cewa an tare Atkinson ba bisa ƙa'ida ba, hukuncin da mutanen Wakefield ba su yafe ba har yau. Saura kaɗan a tashi Leeds na da 11, Wakefield na da 7. Aka sake take wasa, Ken Hirst na Wakefield ya bi ƙwallon da ƙafa cikin ruwa ya dangwala ta a ƙarƙashin sanduna, ya zama 11 da 10. Saura bugun ƙari, daga gaban sanduna, wanda ko yaro zai ci, kuma idan ya shiga kofi na Wakefield ne. Mai bugun shi ne Don Fox, wanda 'yan jarida suka riga suka zaɓa gwarzon wasan. Ƙwallon ta zame masa ta bi gefe. Wanda ke sharhin wasan a talabijin na BBC shi ne Eddie Waring, tsohon manajan Francis na Dewsbury. Abin takaici ga tarihin kocin shi ne wannan rana ta zama ranar Don Fox a bakin mutane. Ana tuna wanda ya ɓarar, ba a cika tuna wanda ya gina ƙungiyar da ta ci ba.

Bayan wannan sai ƙasar da ta sa aka hana shi tafiya a 1946 ta aiko masa da goron gayyata. Ƙungiyar North Sydney, wadda rabonta da kambu tun 1922, ta ɗauke shi koci, ya riƙe ta a kakar 1969 da ta 1970. Bai ji daɗin zaman ba. Ya tarar da rigingimun cikin gida, ya sha habaici kan launin fatarsa, ya kuma saɓa da babban tauraron ƙungiyar, Ken Irvine, wanda ya koma Manly a 1971. A can Ingila kuwa, ƙungiyar da ya bari a Leeds ta zama zakarar ƙasa a 1969 a hannun wani kocin, ta ci gaba da ɗibar kofuna har cikin shekarun 1970. Shi ya yi shuka, wasu suka yi girbi.

Ya dawo ya sake riƙe Hull na ɗan lokaci, sannan Leeds ta sake kiransa a 1974. A watan Mayu 1975 ya kai ta ga lashe sabuwar gasar Premiership, wadda aka fara a wannan shekarar, inda ta doke St Helens 26 da 11. An buga wasan ne a Central Park, filin Wigan, ƙungiyar da ta sayar da shi yana ɗan shekara 19. Aikinsa na ƙarshe a Bradford Northern ne, ya bar ta a 1977.

Ya rasu a watan Afrilu 1989 yana da shekara 70. Dalilin da ya sa sunansa ya dushe ba launin fata ba ne kaɗai. Wasan da ya ba rayuwarsa na talakawan arewacin Ingila ne, jaridun Landan ba su cika damuwa da shi ba, mahaifarsa Wales kuma ta daɗe tana kallon waɗanda suka tafi arewa a matsayin masu sayar da mutunci. An kwashe shekara 130 da kafa wasan kafin Fadar Birtaniya ta ba wani ɗan wasansa lambar girma ta Sir, wato Billy Boston, a 2025. Sunan Harry Sunderland kuwa ya zauna a kan kyautar gwarzon wasan ƙarshe na gasar ƙasar tun shekarun 1960, sai a 2024 aka sauya shi da na Rob Burrow, tsohon ɗan wasan Leeds. A watan Oktoba 2023 aka buɗe mutum-mutumin Roy Francis a Brynmawr, shekara 87 bayan ya bar garin zuwa Wigan.